Ɓawon Kwakwa a Madadin Ƙasa: Abin da Zai Iya da Wanda Ba Zai Iya Ba a Lambunan Dichemso

A 'yan shekarun nan maganar shuka kayan miya a cikin ɓawon kwakwa ta yawaita a Kumasi, kuma ta zo da ruɗani. Wasu na ɗaukarsa a matsayin sabon taki da ya fi kashin kaji ƙarfi. Wasu na cewa ƙasar Turawa ce wadda ba ta neman komai sai ruwa. Akwai kuma waɗanda suka kwaso ɓawo daga wurin mai sayar da kwakwa, suka daddatsa shi suka cika bokiti, da suka ga tumatir ya yi rawaya ya tsaya cak sai suka yanke hukuncin cewa duk zancen yaudara ce. Duka ukun sun yi kuskure, kuma tushen kuskuren ɗaya ne: an ɗora wa ɓawon aikin da ba nasa ba. Matsayin wannan sharhi shi ne ɓawon kwakwa mazaunin saiwa ne mai riƙe ruwa da iska, amfaninsa ya rataya ne a kan wanki da ciyarwa, kuma unguwa irin Dichemso na da dalilan kanta na kula da shi waɗanda suka sha bamban da na Turai.

Me ake nufi da dusar ɓawon kwakwa?

Kwakwar da ake magana a kai ita ce babbar nan mai ruwa a ciki, wadda Asantawa ke kira kube, ba kwakwar manja ba. Tana da riga biyu: ƙoƙo mai tauri da ke rufe da farin nama, sai kuma ɓawo mai kauri a waje, wanda a busasshiyar kwakwa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Idan inji ya tsefe wannan ɓawo, abu uku ke fita. Na farko dogon zare, wanda ake tufka igiya da saƙa tabarmar ƙofa da cusa katifa da shi. Shi ne kusan sulusin ɓawon. Na biyu gari mai laushi, ruwan ƙasa, mara nauyi, wanda ke zuba daga tsakanin zaren, kuma shi ne mafi yawa. Na uku gutsattsarin ɓawo da aka yayyanka kamar girman goro ko ƙasa da haka. Garin nan shi masu sayar da kayan gona ke kira kokofit, kalmar aro daga Ingilishi, kuma a nan za a kira shi dusar ɓawon kwakwa. A ƙasar Asante, inda koko ne babban amfanin gona, ya kamata a faɗa a fili cewa ba shi da alaƙa da ɓawon koko. Galibi ana sayar da shi a matse kamar bulo, kuma bulo mai kilo 5 idan ya sha ruwa yana kumbura ya kai lita 60 zuwa 70, abin da zai cika manyan jarkokin ruwa uku, waɗanda ake kira galan ɗin Kufuor, da aka yanke wa baki.

Saiwar shuka na neman abu huɗu daga inda take zaune: madogara, ruwa, iska da abinci. Ƙasa mai kyau na ba da duka huɗun. Dusa na ba da uku na farko, kuma tana ba da su da kyau ƙwarai, domin tana riƙe ruwa har kusan ninki takwas na nauyinta ba tare da ta toshe wa iska hanya ba, tsaminta kuma matsakaici ne, tsakanin 5.5 da 6.8 a ma'aunin pH, wanda ya dace da yawancin kayan lambu. Na huɗun ne babu. Kwano ce, ba tuwo ba.

Yadda shara ta zama haja

Sana'ar zaren kwakwa tsohuwa ce a kudancin Indiya da Siri Lanka. An kafa masana'antar farko a garin Alappuzha na jihar Kerala a 1859, kuma fiye da shekara ɗari zaren kaɗai ake so. Dusar ana tara ta ne tuli-tuli a bayan masana'antu, ta ƙi ruɓewa saboda yawan sinadarin liginin, wanda ke ba itace tauri, ta kuma ƙi cin wuta da kyau saboda danshi. Abin da ya sauya ƙaddararta ya faru ne a Turai. Manoman lambu a Holan da Ingila da Jamus sun daɗe suna shuka a cikin wata baƙar ƙasar fadama da ake kira fit, wadda ruɓaɓɓen gansakuka ne da ke taruwa a hankali, kimanin milimita ɗaya a shekara. Irin waɗannan fadamu ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na doron ƙasa ba, amma sun adana sinadarin kabon fiye da dukan dazuzzukan duniya, kuma haƙar su na sakin shi cikin iska. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 aka fara neman madadi gadan-gadan, sai tulin sharar Asiya ya zama kayan fitarwa waje.

Wannan tarihi na da muhimmanci don yawancin yabon da ake yi wa dusa an gina shi ne a kan kwatanta ta da fit. Mai lambu a Kumasi bai taɓa shuka a fit ba. Abin da yake da shi shi ne baƙar ƙasa, da kashin kaji, da garin katako, da ɓuntun shinkafa, don haka da waɗannan ne ya kamata a gwada ta.

Ɓawon da ke yawo a Kumasi

Ghana na cikin manyan masu noman kwakwa a Afirka, kuma cibiyar nomanta ita ce gabar teku ta Jihar Yamma, wato Jomoro da Ellembelle da sauran ƙasar Nzema, sai Jihar Tsakiya. Noman ya sha wahala a hannun wata cuta mai kashe bishiya da aka fara gani a 1932 a Cape St. Paul kusa da Keta, ta kuma ɓulla a Cape Three Points a 1964. An yi ta ƙoƙarin farfaɗo da shi da iri masu jure cutar, kuma dokar 2019 da ta kafa Hukumar Raya Itatuwan Kasuwa, mai hedikwata a nan Kumasi, ta sa kwakwa cikin itatuwa shida da za ta kula da su, tare da kashu da kaɗanya da mangwaro da roba da kwakwar manja.

Motoci na shigo da kwakwa Kumasi kullum, masu kube na tura ta a baro daga Kejetia zuwa Manhyia, Dichemso, Aboabo da Asawase. Mai saye ya sha ruwa ya kankare nama, saura ya zama nauyi a kan mai sayarwa. Wani ɓangare na bushewa ya zama makamashi ga masu dafa dokunu, wani kuma ana mayar da shi gawayi, amma mai yawa na ƙarewa a bolar Oti da ke Dompoase ko a cikin kwata, inda yake toshe hanyar ruwa, ƙoƙonsa kuma ya tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki.

A nan ne wani ruɗanin yake. Kwakwar sha ɗanya ce, ana tsinke ta tana da wata shida zuwa takwas, alhali dusar da ake fitarwa daga Asiya ta kwakwar da ta nuna ce, mai kusan shekara guda. Ɗanyen ɓawo cike yake da ruwa mai bauri, irin baurin da ke cikin bagaruwar jima, kuma wannan ruwa na hana iri tsirowa da kyau. Kama da wane ba ta wane. Ba wai ɗanyen ɓawo ba ya gyaruwa ba: a Burazil, inda shan ruwan kwakwa ya cika bakin teku da shara, cibiyar binciken noma ta Embrapa da ke Fortaleza ta tsara hanyar niƙa shi, a matse ruwan, a wanke, sannan a yi shuka a ciki. Sai dai wannan aiki ne na inji da lokaci, ba na adda da yini guda ba.

Gishiri da yunwa

Matsala ta farko gishiri ce. Akan ɗora laifin a kan jiƙa ɓawo a ruwan teku ko na tafkin gabar teku, kuma hakan na ƙara shi, amma ko da ɓawon bai taɓa ganin teku ba, yana ɗauke da gishirinsa. Kwakwa bishiya ce mai son sinadarin kuloraid, har a ƙasar Filifin ana zuba mata gishirin miya a matsayin taki, kuma tana tara fotasiyam da sodiyam masu yawa a ɓawonta. Idan gishiri ya yi yawa a kewayen saiwa, shuka ba ta iya zuƙar ruwa ko da tana tsaye a cikin danshi, sai gefen ganye ya ƙone, tsiro ya ƙanƙance. Maganin wannan shi ne wanki: a jiƙa dusa, a tsiyaye, a maimaita. Masu gidajen shuka na auna ruwan da ya tsiyayo da wata 'yar na'ura mai gwada yawan gishiri ta hanyar lantarki. Wanda ba shi da ita na iya shuka ƙwayoyin latas ko kokwamba a gwangwani biyu, ɗaya da dusa ɗaya da ƙasar da ya amince da ita, ya duba bambancin bayan kwana goma. Hasken ruwan wanki kaɗai ba shaida ba ne, domin gishiri ba shi da launi.

Akwai kuma wani ɓangare da wanki ba ya kaiwa gare shi. Ƙwayoyin dusa na riƙe da fotasiyam da sodiyam a jikinsu, kuma da zarar an zuba taki mai kalsiyam da magnesiyam sai su kama waɗannan su saki nasu. Sakamakon shi ne mai lambu ya ba da abinci amma bai isa ga shuka ba. A tumatir da tattasai alamar ƙarancin kalsiyam sananniya ce: gindin ɗan ya yi baƙi ya lotsa tun bai nuna ba, mutum ya zaci cuta ce ya ɓata kuɗi a kan maganin feshi. Masana'antu na yin rigakafin wannan ta hanyar jiƙa dusa a ruwan takin kalsiyam naitiret na tsawon dare ko yini, sannan su ɗauraye. Wannan ne bambancin da ke tsakanin bulo mai tsada da mai araha, ko da yake a ido ba a gane shi.

Matsala ta biyu yunwa ce. Dusa na da kabon mai yawa da naitirojin kaɗan, kuma ƙananan halittun da ke ƙoƙarin ruɓar da ita na wawure ɗan naitirojin da ke akwai kafin saiwa ta samu, musamman idan dusar sabuwa ce ba ta kwanta ba. Iri na tsirowa da guzurin da ke cikin ƙwayarsa, shi ya sa makon farko komai ke tafiya daidai, daga nan rawaya ta fara daga tsofaffin ganye. Shuka a dusa zalla aikin gidajen shuka na roba ne, irin waɗanda gwamnati ta kafa a Dawhenya da Akumadan, inda tiyo ke ɗiga ruwan taki da aka auna sau da yawa a rana. Mai bokiti goma a tsakar gida ba shi da wannan tsari, kuma bai kamata ya kwaikwaye shi rabi da rabi ba. Abin da ya fi masa shi ne gauraye: kashi ɗaya dusa wankakkiya, kashi ɗaya takin gargajiya da ya ruɓe sosai, kashi ɗaya ƙasa mai tsabta. A wannan fanni unguwannin Zango na Kumasi na da gata, domin kashin tumaki da awaki da ake sharewa daga gidaje kullum shi ne ainihin abin da dusa ta rasa.

Me ya sa ya shafi Dichemso?

Tun shekarun 1940 ake yi wa Kumasi kirari da Birnin Lambu, kuma a 1972 shirin Ciyar da Kanka na gwamnatin Kanar Acheampong ya sa mutanen birni da yawa noma a bayan gida. Yau bayan gidan ya zama ɗakin haya. A Dichemso da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, gida ɗaya na ɗauke da iyalai da dama, tsakar gida siminti ce, ɗan filin da ya rage kuwa galibi yana bakin rafin Aboabo, wanda ke ambaliya da damina yana kwaso dattin kwatoci. Baƙar ƙasar tsohuwar bola, wadda mutane ke ɗiba don cika buhu, tana da ƙarfi amma tana iya ɗauke da ragowar batir da ƙonannen roba, kuma gubar dalma ba ta fita da wanki. Ƙasar da aka daɗe ana noma tumatir a cikinta kuma na iya ɗauke da tsutsotsin da ido ba ya gani masu kumbura saiwa, ko ƙwayar cutar da ke sa shuka yaushi dare ɗaya tana kore shar.

A irin wannan hali ne darajar dusa ke fitowa. Ba ta da nauyi, ana iya ɗora buhunta a kan katanga ko benci inda ambaliya ba ta kaiwa. Galibi ba ta zuwa da irin ciyawa ko cututtukan ƙasa. Tana hana ƙasar bokiti dunƙulewa kamar tubali. Inda kuwa ta fi kowane abu biyan kuɗinta shi ne renon iri. Ingantaccen irin tumatir ko kabeji da ƙidaya ake sayar da shi, asarar rabinsa a fangali ba ƙaramin abu ba ne. A farantin reno mai ramuka, kowace ƙwaya na samun ɗakinta, bayan mako uku zuwa huɗu a zare dashe da saiwarsa cikakkiya ba tare da ta tsinke ba, kuma bulo ɗaya na cika faranti masu yawa. Alayyafo da ayoyo, waɗanda ba su da tsada kuma suna fita a kusan kowace ƙasa, ba su cancanci a saya musu dusa ba.

Abin da masu suka ke cewa

Suka mafi ƙarfi ita ce ta ruwan sama. Kumasi na samun kimanin milimita 1,400 a shekara cikin damina biyu, daga Maris zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Nuwamba, don haka me za a yi da abin da babban aikinsa riƙe ruwa ne? Maganar na da gaskiya a cikinta. Shawarar da ta dace da Maraɗi ko Katsina, inda yashi ke shanye ruwa nan take, ba lallai ta dace da nan ba. Lallausar dusa a bokitin da ba shi da isassun huji na iya jiƙewa sharkaf a watan Yuni har saiwa ta ruɓe, ruwan sama kuma ya wanke takin da aka zuba. Amma wannan hujja ce ta gyara gauraye, a ƙara gutsattsarin ɓawo ko ƙonannen ɓuntun shinkafa, a huda gindi da gefe, a ɗaga bokiti daga ƙasa. Kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke busar da bokiti kafin azahar, riƙe ruwan nan shi ne ke rage wa mai sayen ruwa da galan kashe kuɗi. Tarkon da ya kamata a sani shi ne saman dusa na bushewa alhali cikinta na jiƙe, don haka da yatsa ake gwadawa kafin a ƙara ban ruwa.

Suka ta biyu ita ce garin katako ya fi sauƙin samu, ga shi nan tuli a Sokoban da wuraren yankan katako na Kaase da Ahinsan. Haka ne, kuma idan aka haɗa shi da kashin kaji aka bar shi watanni ya ruɓe, yana yin taki mai kyau. Sai dai ɗanyensa ya fi dusa satar naitirojin nesa ba kusa ba, yana lotsawa da sauri, kuma mai ɗiba ba ya sanin ko an yi wa katakon maganin gara. Fifikon dusa a kansa shi ne jinkirin ruɓewa: ana iya sake shuka a cikinta zagaye biyu ko uku, muddin shukar baya ba ta yi cuta ba.

Akwai masu cewa kayan miyan da bai taɓa ƙasa ba ba shi da ɗanɗano ko ba shi da lafiya. Ɗanɗano na bin iri da rana da abinci da yawan ruwa ne. Batun lafiya kuwa, haɗarin na wani wuri dabam. Binciken da Cibiyar Kula da Ruwa ta Duniya, IWMI, ta yi tare da jami'ar KNUST a lambunan Kumasi irin na Gyinyase ya nuna cewa ƙwayoyin cutar da ke kan latas na fitowa ne daga gurɓataccen ruwan ban ruwa da ɗanyen kashin kaji. Dusa mai tsabta da aka shayar da ruwan kwata ba ta tsare kowa daga komai ba.

Sukar da ba ta da amsa mai sauƙi ita ce ta kuɗi da ruwan wanki. Bulon da aka shigo da shi daga Indiya ko Siri Lanka farashinsa na bin dala, duk faɗuwar sidi na tashinsa. Wanke na gida kuma na cin ruwa mai yawa, ruwan da ya fita mai gishiri ne mai bauri wanda bai kamata a sake shi cikin rafi ba. A ƙaramin mataki damina na iya yin aikin kyauta: a daddatsa ɓawo, a tara shi a inda ruwa ke tsiyayewa, a bar shi watanni ruwan sama na dukansa ana juyawa. Wanda ba shi da wurin yin hakan na iya shimfiɗa busasshen ɓawo a saman ƙasa kewaye da gindin shuka don rage ƙafewar ruwa, wanda aiki ne da ba ya neman inji.

Abin da zai iya biyowa baya

Idan buƙata ta ci gaba da ƙaruwa, abu na farko da za a gani shi ne ɓawo ya daina zama kyauta, kamar yadda ya faru da kashin kaji, wanda a da ake roƙon manoma su kwashe, yanzu kuwa da buhu ake saye. Hakan zai rage shara a kwata ya ƙara wa mai kube ɗan abin shiga, amma zai sa masu dafa dokunu da masu gawayi da masu dusa takara a kan kaya ɗaya. Abu na biyu shi ne bazuwar ƙananan injinan niƙa, sana'ar da maƙeran Suame Magazine ba za su kasa ƙera mata kayan aiki ba, kuma matasan Zango na iya shiga ta wajen tarawa da niƙa da renon dashe don sayarwa.

Haɗarin yana wajen inganci. Niƙa ɓawo abu ne mai sauƙi, wanki da jiƙawa a kalsiyam da barinsa ya kwanta su ne masu cin kuɗi da lokaci, kuma su ne mai gaggawar riba zai tsallake, tunda mai saye ba ya gani sai bayan dashensa ya mutu. Kumasi na da cibiyoyin da za su iya toshe wannan ƙofa: Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso, Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua, da sashen noman lambu na KNUST. Abin da ake buƙata daga gare su da Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana shi ne ƙa'ida mai sauƙi da za ta sa a rubuta abu uku a jikin kowane buhu: yawan gishirinsa, ko an jiƙa shi a kalsiyam, da kuma ko daga ɗanyen ɓawo aka yi shi ko busasshe.